Ƙafa Biyun da Na Yi wa Kawu Alkawari

Ranar Alhamis, 9 ga Maris 2017, ina zaune a ofishin ɗalibai na sashenmu ina cin ragowar shinkafar jiya, sai ga kiran Kawu daga Bronx, wani yanki na birnin Niyok. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malamin hadari, wani fasinja da na sauke yanzu ya ce akwai abin da ke tafe ranar Talata. Duba mana."

Malamin hadari shi ne sunan da ya laƙaba min tun da na zo Amurka karatun kimiyyar yanayi. A wajensa ni da mai duba duk ɗaya ne, bambancin kawai shi yashi yake zanawa, ni kuwa gilashi nake ƙura wa ido. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ya haura shekara goma sha biyar yana tuƙa tasi a birnin Niyok. Ni kuma ina Albany, hedikwatar jihar, tafiyar kilomita kusan 240 arewa da birnin, kamar dai Kano zuwa Kaduna.

Ba banza Talatar ta dame shi ba. Anti, matarsa, ta haihu ranar Talata 7 ga wata, an samu namiji, suna zai kama 14 ga wata ke nan. Hajiya, mahaifiyar Anti, ta samu biza bayan doguwar wahala, an kuma yanka mata tikiti: ta tashi daga Kano ranar Litinin, ta sauya jirgi a hanya, ta sauka filin JFK ranar Talata da rana, ta tarar da taron suna sannan ta zauna wankan jego. An yi cinikin rago a wata mayanka ta Musulmi da ke New Jersey. An gayyaci mutane daga Harlem da Brooklyn har da Philadelphia. Ni ma na sayi tikitin jirgin ƙasa.

Da farko na so in yi masa dariya. Hunturun shekarar ya zo da sauƙi ƙwarai. Ranar 24 ga Fabrairu ma'aunin zafi a Albany ya kai digiri 23, abin da ba a taɓa gani ba a tsakiyar hunturu a garin, ɗalibai har da fitowa da gajeren wando suna kwanciya a kan ciyawa. Itatuwa sun ruɗe sun fara toho. Kowa ya ɗauka an shiga abin da gidajen rediyonmu ke fassarawa da bazara, ko da yake bazararsu ba irin tamu ba ce, tamu zafi ne da jiran hadari, tasu kuwa narkewar ƙanƙara ce da fure. Amma Maris a wannan yanki ba abin yarda ba ne. Babbar guguwar dusar ƙanƙara ta 1888 da ta binne Niyok a tsakiyar Maris ta zo, haka ma ta 1993. Sanyi bai gama tattara kayansa daga Kanada ba, ɗumi kuma ya fara tasowa daga kudu, kuma inda suka yi karo nan ake samun ɓarna.

Na ajiye cokali na buɗe taswirori.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ranar Alhamis ɗin nan guguwar da ake magana ba ta wanzu ba tukuna. Babu wani tauraron ɗan'adam da zai nuna maka ita. Kayan haɗinta ne kawai a warwatse: wata murɗaɗɗiyar iska can sama da ba ta gama shigowa daga wajen tekun Fasifik ba, da tarin iska mai tsananin sanyi a Kanada, da danshin da ke kwance a kan tekun kudu. Lissafi ne ya ce za su haɗu bayan kwana biyar. Sau biyu a kowace rana, a lokaci guda a duk duniya, ana sakin balan-balan daga wurare ɗaruruwa, kowace ɗauke da 'yar na'urar da ke auna zafi da danshi da nauyin iska har ta kai kusan kilomita 30 a sama ta fashe. Ana sakin ɗaya a Albany, na sha tsayawa kallo. Ana sakin wata a Upton da ke Long Island. A yankinmu ma ana saki a Yamai, sai dai namu wuraren ba su da yawa. Waɗannan awo, da na jiragen sama da na taurarin ɗan'adam, su ake ɗura wa manyan kwamfutoci su lissafa yadda iska za ta motsa. Biyu ne kowa ya fi dubawa: na Amurka, GFS, mai fitowa sau huɗu a rana, da na cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, wanda a lokacin ake jira safe da dare kamar labaran duniya.

Na Turai ba sau ɗaya ake gudanar da shi ba, sau 51 ne, kowane da ɗan canji kaɗan a awon farko, domin an san awon ba ya taɓa cika daidai. Kamar ka tara dattawa hamsin da ɗaya na gari ɗaya ka tambaye su yaushe ruwa zai sauka. In duk sun faɗi abu guda, sai ka fitar da iri. In kowa ya kama gabansa, sai ka jira. Ranar Alhamis dattawan nawa sun yarda akwai hadari, amma wasu sun kai shi can tsakiyar teku inda kifi kawai zai gani, wasu sun kawo shi kan tudu.

Na ce wa Kawu, "Akwai alama, amma da sauran lokaci. Kada a taɓa tikitin Hajiya tukuna."

Ya ce, "Ku dai kun saba." Ya tuna min Janairun 2015, lokacin da aka rufe jiragen ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, aka hana motoci fita, aka ce ba a taɓa ganin irin abin da ke zuwa ba, ƙarshe dusar ƙanƙarar da ta sauka a birnin ba ta cika inci goma ba, Boston ce ta sha kashi. Na ce ya manta da Janairun 2016, da aka auna inci 27.5 a Central Park, babban lambun tsakiyar birnin, shi da kansa ya kwana biyu yana haƙo motarsa. Ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaddara ce, ba hasashe ba.

Juma'a da Asabar dattawan suka fara haɗa baki. Zuwa Lahadi, ranar da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, babu sauran mai musun cewa guguwa za ta taso daga gaɓar Carolina daren Litinin, ta bi bakin teku ta yi arewa tana ƙara ƙarfi. Irin wannan guguwa sunan iskar da take kaɗowa ake kiranta da shi, iskar arewa maso gabas. Ranar da na fara jin sunan sai da na yi murmushi, don mu ma ta wannan kusurwa hunturu ke zuwar mana, sai dai tamu ƙurar Sahara take ɗaukowa, tasu kuwa danshin Atilantika.

Tambayar da ta rage ita ce ta ina cibiyar za ta bi. Masu hasashe a yankin suna da wani ɗigo a cikin teku, kudu da tsibirin Nantucket, inda a taswira layi na 40 na arewa ya gitta layi na 70 na yamma. In cibiyar guguwa ta bi ta kansa, manyan biranen gaɓa daga Philadelphia zuwa Boston su ke shan dusar ƙanƙara mafi yawa. In ta bi ta gabas da shi sosai, sai su tsira. In kuwa ta matso yamma ta rungumi gaɓa, sai ta jawo iskar teku mai ɗan ɗumi ta shigo da ita kan biranen, dusar ta koma ruwa ko tsakuwar ƙanƙara, nauyin ya koma can cikin tudu. Tsakanin inda dusa ke zuba da inda ruwa ke zuba akwai layi, kuma faɗinsa wani lokaci bai wuce kilomita talatin ba.

Wannan layi bai zo min a baƙo ba. Karatuna na farko a gida kan faɗuwar damina na yi shi, kuma mu ma duk rayuwarmu a kan layi take, inda busasshiyar iskar arewa ke haɗuwa da mai danshi daga kudu maso yamma. In ya haura Zariya bai kai Katsina ba, mai gona a Giwa na shuka, na Jibiya na kallon sama. Wani sa'in ya hauro ya zubar da ruwa ɗaya, a yi shuka, ya koma kudu ya yi mako uku, iri ya ƙone a ƙasa. Ba a musun damina za ta zo. Gardamar kullum a kan ina layin zai tsaya ne, kuma ranar yaushe. Bambancin kawai, namu layin wata-wata yake tafiya, nasu kuwa cikin awa shida zai iya ƙetare birni mai mutum miliyan takwas.

Ranar Lahadi da yamma yawancin lissafin sun ajiye layin kudu da birnin, a cikin teku. Hukumar yanayi ta ƙasa na maganar dusa mai zurfin ƙafa ɗaya zuwa biyu, wato inci 12 zuwa 24, a Niyok, tare da iska mai ƙarfi. Gargaɗin da suka fitar shi ne mafi tsanani a harkar dusa, wanda sharaɗinsa iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, mutum ya kasa hangen abin da ya wuce mita 400, a kuma ɗauki awa uku ana haka. Wata tashar talabijin har ta raɗa wa guguwar suna Stella, jaririn Kawu kuwa nasa sunan bai fito ba tukuna.

Na kira shi na ce, "Kawu, a ɗaga tafiyar Hajiya."

Ba tsoron jirgi ya faɗi nake ba, jirgi ba ya tashi zuwa filin da ke rufe. Tsorona shi ne ta baro Kano, ta isa inda za ta sauya jirgi, a ce an soke na biyun. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, ba Turanci, ba Larabcin kirki, ga ciwon ƙafa, ta kwana biyu ko uku a kan kujerar filin jirgin wata ƙasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kamfanonin jirage kuma idan irin wannan ta taso sukan ba da damar sauya rana kyauta, don su ma sun fi son fasinja ya zauna gida da ya taru musu a gaban kanta. Amma kujerun kwanakin da ke biye cikin sa'o'i suke ƙarewa. Wanda ya jira ya tabbatar, sai ya tarar babu wuri sai mako mai zuwa. Haka na zauna da waya a kunne fiye da awa ɗaya ina sauraron kiɗan jira, aka samo mata wuri ranar Juma'a 17 ga wata.

Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta aiko saƙon murya ta WhatsApp tana cewa ita ba ta taɓa jin inda ƙanƙara ta hana kaka ganin jikanta ba, in sanyi ne ai ta sayi rigar sanyi har biyu a Kantin Kwari. Anti ce ta lallashe ta. Aka soke ragon New Jersey, Kawu ya tura kuɗi gida a yanka a can. Aka sanar da baƙi an mai da walima Asabar. Ni ma na mai da tikitina Alhamis, ina ganin hankali na yi, in zauna lafiya a Albany in bar birni da masifarsa.

Kawu ya tambaye ni, "Nawa za ta zuba? Faɗa min lamba ɗaya, kada ka yi min kwana-kwana."

Na ce, "Ƙafa biyu."

Ita ce lambar sama ta hasashen. Na zaɓe ta ne don na san halinsa, in na ce ƙafa ɗaya zai ce ai ya sha tuƙi a cikin wadda ta fi haka. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya kai masallacinsu, ya kuma saka a zauren WhatsApp na direbobi 'yan ƙasarmu da na Gana da Nijar: ɗana mai karatun sama ya ce ƙafa biyu, kowa ya ajiye mota.

Litinin ita ce ranar da har yau nake juyawa a raina. Wajen azahar sabbin lissafi suka fara shigowa, waɗanda aka ɗura wa awon balan-balan ɗin safiya. Muka taru a ɗakin taswira kamar yadda muke yi, malaminmu na tsaye gaban allo. Cibiyar ta matso yamma. Ba da yawa ba, abin da bai fi kilomita hamsin zuwa tamanin ba, a taswirar nahiya ko kaurin alƙalami bai kai ba. Sai ya buɗe hoton da ke nuna zafin iska daga ƙasa zuwa sama a kan birnin Niyok, ya sa yatsa a wani wuri kimanin kilomita biyu daga ƙasa. A nan layin zafin ya ɗan leƙa ya haura digirin daskarewa, kamar hanci, sannan ya koma. A ƙasa sanyi ne, can sama sanyi ne, amma a tsakiya ga siririn bargo na iskar teku mai ɗumi. Dusa in ta faɗo ta ratsa shi sai ta narke, in ta fito ƙarƙashinsa ta sake daskarewa, ta iso ƙasa a matsayin 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar tsakin masara. Ita wannan ba ta taruwa. Ruwan da zai ba ka inci goma na dusa, in ya zo a haka da ƙyar ya ba ka uku.

Ɗakin ya rabu biyu. Wasu suka ce lissafin gajeren zango ya saba zuzuta wannan ɗumi, kuma in dusa na zuba da ƙarfi takan sanyaya iskar da kanta ta goge hancin. Wasu suka ce a'a, irin wannan ɗumi kullum riga lissafi isowa yake, bai taɓa makara ba. Malam bai raba gardama ba. Ya ce kowa ya rubuta lambarsa a takarda ya sa hannu. Na rubuta inci goma.

Na fito da wayata a hannu, lambar Kawu a kan gilashi. Ban kira ba.

Dalilina biyu ne, ɗaya mai kyan faɗa, ɗaya mara kyau. Mai kyan shi ne, ko inci goma ne da tsakuwar ƙanƙara da iska, hanya ba za ta tuƙu ba, kuma in na ce masa abin ya ragu, abin da kunnensa zai ji shi ne an fasa. Zai fita da asuba, sauran direbobin su bi shi, in kuma layin ya tsaya kudu da birni kamar yadda rabin ɗakinmu ke cewa, ni na tura su. Mara kyan kuwa, na riga na sa an ɗaga tafiyar tsohuwa, an soke rago, an watsa sunana a masallaci. In koma in ce watakila ba haka ba ne, nauyi ya yi min. Na gaya wa kaina dalili na farko ne ya hana ni. Ban tabbata ba har yanzu.

Kafin dare an rufe komai. Magajin gari Bill de Blasio ya ce babu makaranta ranar Talata. Gwamna Andrew Cuomo ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka ce daga ƙarfe huɗu na asuba jiragen birni ba za su bi layukan da ke sama da ƙasa ba, wanda a Bronx kusan yanke unguwa ne daga gari, don yawancin layukanta a kan gadojin ƙarfe suke. Jihar Connecticut ta hana motoci hawa manyan hanyoyinta. An soke tashin jirage sama da 6,000 a faɗin ƙasar a ranar Talata kaɗai. Hatta Angela Merkel ta Jamus, da za ta gana da Donald Trump a Washington ranar, sai da aka mai da ziyararta Juma'a. Na tura wa Hajiya wannan labari don ta san ba ita kaɗai ba ce, ta ce ita ina ruwanta da wata Merkel.

Talata wajen ƙarfe takwas na safe Kawu ya kira. Bai ce komai ba, sai ya manna wayar a jikin gilashin taga. Ina jin ƙarar, tas-tas-tas, kamar ana watsa gero a kan kwano.

"Malamin hadari, wannan ce ƙafa biyun?"

Dusar ta fara bayan tsakar dare, ta zuba da kyau na 'yan sa'o'i, gari na wayewa hancin nan ya iso. Kafin hantsi hukuma ta janye babban gargaɗin daga birnin. Abin da aka auna a Central Park inci 7.6 ne. An raɗa wa yaro suna a falo, da liman da ya tako daga layin baya da mutum huɗu, aka ci dabino da goro aka shafa fatiha. A daidai lokacin Hajiya na tsakar gida a Kano tana ba da umarnin yadda za a soya ragon, wanda a ganina ya fi mata zaman jirgi, ko da yake ban isa in faɗa ba.

Ni kuwa da Kawu ke min tsiya, ta tagata ko motar da ke ƙofar gida ba na gani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk abin da aka yi wa birni tanadinsa, matsowar nan ta kilomita hamsin ta kwaso shi ta juye mana. Na ajiye farin katako a bayan gida tun dare don awo, kamar yadda aka koya mana, a auna da rula a share duk bayan awa shida. Da rana sai da na nemi katakon da ƙafa. Akwai sa'ar da inci uku suka sauka. Garin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kurin motocin ture ƙanƙara, su ma suna wucewa hanyar ke sake rufewa. An hana manyan motocin dakon kaya hawa manyan hanyoyin jihar da dama, jirgin ƙasa tsakaninmu da birni ya tsaya. Albany ta tashi da sama da ƙafa ɗaya. Binghamton, kudu maso yamma da mu, ta samu inci 35.3, kusan ƙafa uku. Ranar Laraba awa biyu da rabi na yi da shebur kafin in ga tayar motar maƙwabciyata, wata dattijuwa da ba ta iya haƙa.

Da na samu natsuwa na duba alƙaluman birnin, sai na ga wani abu da ya ɗan sanyaya min rai. In aka narkar da duk abin da ya sauka a Central Park, ruwan ya kusa inci biyu. Da a dusa ya zo gaba ɗaya, da ya kai inci ashirin, kusa da ƙafa biyun nan. Lissafi bai yi kuskuren yawan ruwa ba, bai yi na rana ko sa'a ba, tun kwana biyar kafin guguwar ta wanzu. Siffar da ruwan zai iso da ita ce ta kuɓuce, saboda bargon iska da kaurinsa bai kai kilomita ɗaya ba. Kuma abin da ya sauka ɗin ba wasa ba ne: nauyi gare shi kamar jiƙaƙƙen yashi, da dare ya yi sanyi ya kama shi ya zama dutse, aka yi kwanaki ana zamewa a bakin titi. Jirgin da Hajiya za ta shigo ma an soke shi. A Washington sanyin da ya biyo baya ya kashe kusan rabin furannin itatuwan ceri da ɗumin Fabrairu ya yaudara suka fito da wuri, abin da ya tuna min da shukar ruwan farko.

Sai kuma labari ya fito a jaridu cewa tun ranar Litinin da rana masu hasashen gwamnati na ofisoshin manyan biranen gaɓa sun tattauna, sun ga abin da muka gani a ɗakin taswira, suka yanke shawarar barin lambobin yadda suke don kada mutane su ɗauka haɗarin ya wuce. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya fito ya yi faɗa. Abokan karatuna suna ta muhawara ko daidai ne ko ba daidai ba. Ni dai shiru na yi, don na san yadda wayar ke nauyi a hannu.

Ranar Alhamis na hau jirgin ƙasa. Hanyar gefen kogin Hudson take bi tun daga Albany har birni, kuma ta taga na ga layin da idona. A Hudson da Rhinecliff motoci a binne suke sai madubi. A Poughkeepsie haka. Daga wajen Croton tudun ya fara raguwa, kafin Yonkers ya koma wani abu mai ƙyalli da tauri, ruwan toka-toka. Tafiyar da ba ta fi minti arba'in ba ce tsakanin ƙafa biyun da na yi alkawari da abin da Kawu ya samu.

Da dare, bayan an ci tuwo Anti ta shiga da jariri, na gaya masa. Na ce tun Litinin da azahar na rubuta inci goma a takarda na sa hannu, ban kira shi ba.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Tikitin Hajiya ko ka kira ba zan mayar ba, wannan ka yi daidai. Amma akwai yara biyu a zaurenmu da ke biyan kuɗin hayar mota kullum, ko sun fita ko ba su fita ba. Da yamma hanya ta buɗe, ba jirgi a layukan sama, mutane na neman mota ido rufe, su kuwa suna kwance saboda ɗana ya ce ƙafa biyu." Ya kurɓi shayi. "Ni direba ne. Tun safe har dare lissafin watakila nake yi, in bi gada ko in bi rami, in jira a filin jirgi ko in koma gari. Kai kana ganin in ka ce min rabi da rabi ne ba zan gane ba?"

Na ce shi ne ya ce in ba shi lamba ɗaya.

Ya ce, "Ranar Lahadi na ce. Litinin ai wata rana ce."

Ban sami amsa ba, kuma bai nema ba. Ya miƙo min jaririn da Anti ta fito da shi ya ce in yi masa addu'a kada ya yi karatun sama.

Juma'a muka je JFK tare. Hajiya ta fito a keken da ake tura tsofaffi, sanye da rigunan sanyin nan biyu ɗaya kan ɗaya, tana mitar an hana ta tahowa da dambun naman ragon, don mun gaya mata jami'an kwastan ƙwace nama suke yi. Na durƙusa na ce, "Hajiya kun sha hanya, sannunku da zuwa." Ta ce, "Kai ne mai hana mutane tafiya?" A hanyar fita ta ga tarin da motoci suka ture gefen titi, ya yi baƙi-baƙi da hayaƙi da gishiri, ta tambaya ko kanwa ake sayarwa a nan. Da aka ce mata ai ita ce ƙanƙarar, ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ɗin?"

Shekarar da ta biyo baya Maris ya zo da irin waɗannan guguwa har huɗu a jere cikin mako uku, ta ƙarshen ranar 21 ga wata, kwana ɗaya bayan kalanda ta ce an shiga bazara. Ana saura kwana biyu Kawu ya kira, ina jin yaron na ta ƙiriniya a bayansa.

"Malamin hadari, ba ni ta ƙasa, ba ni ta sama, sannan ka faɗa min wadda ka rubuta a takarda."

Na ce biyar, sha biyar, na rubuta goma. Inci 8.4 aka auna. Ya fita aiki da sassafe, ya ajiye mota kafin la'asar.